Ɓarawon tawagarmu ya jawo an kashe karakta ɗin ƙanena a D&D, yanzu ba sa ga maciji

MaiJanLabari_KD

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu buga Dungeons & Dragons a nan ku taimaka min da shawara don wlh kaina ya kulle. Wasan tebur ne da kowa ke buga karakta ɗinsa a cikin labari ana jefa dayis. Ni ne DM, wato mai jan labarin da yanke hukunci, na guruf ɗinmu a Kaduna, mu biyar ne, duk Asabar bayan la'asar muke zama a zauren gidanmu, bugu na 5 na littafin dokokin wasan muke bi yau wata huɗu kenan. Ƙanena kilerik yake bugawa, shi ke warkar da mutane idan jininsu ya yi ƙasa, sai ɗan kawunmu da ya zaɓi rog, wato ɓarawo.

Sati biyu da suka wuce muna tsakiyar wasa sai ɗan kawun ya turo min saƙo a WhatsApp, wai in sun yada zango yana so ya zare kwalbar maganin warkarwa daga jakar kilerik. Ni na ɗauka abin dariya ne na ce ya jefa. Ya jefa dayis mai fuska 20, da ƙarin saurin hannunsa ya tashi 22, lurar ƙanena kuma 14 ce, bai farga ba. Ya kai gari ya sayar, abin da aka saya zinari 50 ya karyar a 25.

To Asabar ɗin nan sai faɗa ya kaure a cikin kogo, kilerik ya faɗi jini sifili. Mai buga mayaƙinmu ya bar dodon da yake fama da shi ya rugo ya ce "ina buɗe jakarsa in ɗura masa kwalbar nan", ni kuma dole na ce babu kwalba a jakar. Zauren ya yi tsit. Ƙanena ya yi jifan ceton rai, wanda in ka faɗi sau uku karakta ya mutu, ya samu 7, faɗuwa ɗaya, zagaye na gaba ya jefa 1, kun san 1 faɗuwa biyu ake lissafa ta, shikenan uku ta cika. Lebul 4 suke babu mai iya tayar da matacce. Sai ɗan kawun nan namu ya fashe da dariya ya ce shi ne ya ɗauka, "ai halin karakta ɗina ne, ɓarawo ne me kuke so ya yi, kuma ai abokin wasana ne". Ƙanena bai ce uffan ba, ya ninke takardarsa ya sa a aljihu ya fita ko shayinsa bai shanye ba.

Yanzu ya zan yi? In kore shi, ɗan'uwa ne gobe a gidan biki za mu haɗu kuma sai Hajiya ta ji. Ko in mayar da labarin baya in ce mafarki ne?

Tsohon_Dodo

Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ka ji haushina amma rabin laifin naka ne. Ranar da saƙon nan ya shigo ita ce ranar da ya kamata ka ajiye waya ka ce masa a gaban kowa a'a. Da ka ce ya jefa, ai ka sa hannu.

Shi kuma wannan magana ta "halin karakta ɗina ne" tsohon uzuri ne, duk wanda ya daɗe yana wasan nan ya ji ta har ya gaji. Ka tambaye shi abu ɗaya, wa ya zana ɓarawon? Daga sama ya faɗo? Shi ya zauna da biro ya ce mutumina mai satar abokan tafiyarsa ne, da ya so sai ya ce mutumina yana satar attajirai amma zai mutu a kan tawagarsa, kuma duk rog ne. Gary Gygax da Dave Arneson sun fito da wasan a 1974, aka ƙara ajin ɓarawo a 1975, amfaninsa buɗe makulli da kwance tarko da laɓewa, wato aikin da sauran ba su iya ba. Daga bugu na 3 a 2000 ma aka canja sunan ya koma rog, yana iya zama ɗan leƙen asiri ko mai bincike. Babu inda littafi ya wajabta masa yashe jakar ɗan'uwansa.

Batun wasan taubasai kuma, na san ɗan mace da ɗan namiji suna tsokanar juna, amma tsokana sai in ɗayan ma yana dariya. Yaron nan wata huɗu yana rainon abinsa fa.

Bakatsine99

Ni dai da ni ne ba dogon turanci, zama na gaba in turo masa dodo lebul 10 ya cinye ɓarawon a zagaye ɗaya, ya ɗanɗana yadda ake ji 😂 ko ka bar sauran su ɗaure shi su kai wa dogaran gari.

Ummi_d20

Bakatsine a'a dan Allah, in ya yi haka ai ya koya masa cewa a teburin nan mai ƙarfi ke cin zali, gobe sai ya dawo da sabon karakta wanda aikinsa kawai ramuwa. Rigimar nan tsakanin mutane biyu take, a waje za a yi maganarta, ba dayis ba taswira.

Yaya MaiJanLabari na tabbata ba ku yi zaman sifili ba kafin ku fara. Zama ne guda da ba a wasa, ana zama ne kawai a yarda da irin labarin da ake so, me aka hana, kuma me ya haɗa jaruman nan har suke tafiya tare. Har a littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 an yi bayaninsa. Ba laifi a yi shi yanzu ko da an yi nisa. Mu a guruf ɗinmu na Discord dokarmu ɗaya ce a kan wannan: in za ka yi wa karakta ɗin wani sata ko duka ko ƙarya, ba a jifa, wanda za a yi wa shi ne zai faɗi ko abin ya ci ko bai ci ba. Kuma abin mamaki mutane suna yarda fa, in sun ga zai yi daɗin labari, don an tambaye su ne.

Mu tamu rigimar ma ba ta sata ba ce. Wata ce ta zaɓi walok, kun san shi ƙarfinsa daga yarjejeniya da wani halitta yake samu, ta ɗauki na shaiɗani, sai wani ɗan'uwa ya ce shi gaskiya ransa bai kwanta ba ya zauna ana kwaikwayon rantsuwa da shaiɗan ko da wasa ne. Ba wanda ya yi masa dariya. Ta canja labarin ya zama wata tsohuwar sarauniyar daji ce ta ba ta bashin ƙarfi, lambobin takardarta kusan duk suna nan, minti goma aka gama.

Mafarki kuma kar ka yanke shi kai kaɗai, ka tambayi ƙanen naka me yake so. Wani zai so a dawo masa da nasa, wani kuma ya fi son sabo. In yana son nasa, akwai tayar da matacce na Raise Dead, cikin kwana 10 da lu'ulu'u na zinari 500, sai tawaga ta ɗauki gawar ta nemi mai iya yi, ka ga labari ya samu kenan.

MaiJanLabari_KD

Na gode ƙwarai. Malam Tsohon_Dodo na karɓi rabona, jiya ma na fara ba ƙanena haƙuri kafin komai. Bayan isha na samu ɗan kawun namu wajen mai shayi mu biyu, da farko ya tsaya a kan ai wasa ne, sai da na ce masa yaron har hoton kilerik ɗin ya zana a bayan takardarsa sannan jikinsa ya yi sanyi. Ya ce zai kira shi. Ƙanena ya zaɓi a tayar da nasa amma da sharaɗi, wai 500 ɗin nan daga aljihun ɓarawo za ta fito ko da zai sayar da wuƙaƙensa, kuma shi zai goya gawar har gari. Na duba takardar ɓarawon zinari 130 gare shi. Ummi, a ganinki in bar sauran su ranta masa ko ya je ya nemo?