Wata biyar bayan tiyatar hanci: a sake aiki ko a jira?

Mazaunin Tudun Wada:
Assalamu alaikum. A bara na faɗi daga kan babur a hanyar Samaru, karan hancina ya karye, aka yi mini tiyata a wani asibitin kuɗi da ba a Zariya yake ba. Yau wata biyar ke nan, amma tsinin hancin yana nan a kumbure, kafar hagu kuma tana toshewa da dare har sai na buɗe baki kafin barci ya ɗauke ni. Idan na dubi madubi sai in ga kamar ya karkata. Shin in nemi a sake aikin yanzu? Kuma yin hakan ba canza halitta ba ne?

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Malam, wata biyar ya yi kaɗan a yanke hukunci. Kumburin hanci yakan ɗauki shekara guda kafin ya saɓe gaba ɗaya, tsinin ne kuma yake jinkiri, musamman ga mai kaurin fata kamar yawancinmu, wanda nasa yakan kai wata 18. Shi ya sa likitoci ba sa son sake buɗe hanci kafin a cika wata 12.

Aiki na biyu ya fi na farko wuya, domin tabo ya riga ya taru a ciki, kuma sau da yawa an taɓa guringuntsin da ya raba kafofin hancin biyu, sai dai a yanko wani daga kunne ko haƙarƙari a yi tokara da shi. Toshewar ce ta fi damuna, ba karkatar ba. Ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a leƙa cikin, ka kuma tafi da takardun aikin farko da hotunanka na kafin haɗarin.

Wani ɗan'uwa daga Kwarbai:
Ni ma an yi mini, kuma a wata na shida na tabbata an ɓata mini fuska. Sai da shekara ta zagayo na gane kumburi ne kawai. Ƙurar hunturu ta wahalar da ni ƙwarai, hancin ya riƙa bushewa yana haɓo, har likita ya rubuta mini ruwan gishiri na feshi. A makonnin farko ya hana ni sa tabarau, ya ce in kiyaye danna hancin a sujada. Idan kana shan taba, ka bari, tana hana rauni warkewa.

Dattijo daga Ƙofar Doka:
Ɗana, game da tambayarka ta biyu, malamai sun bambanta gyaran aibin da ya samu mutum da neman ƙarin kyau kawai. Sahabi Arfaja ɗan As'ad ya rasa hancinsa a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Naka aibi ne da haɗarin babur ya jawo, ga kuma numfashi da ya tauye.

Mazaunin Tudun Wada:
Na gode, Baba, na gode muku duka. Zan nemo takardun a makon nan kafin in nufi Shika.