Yarana sun hana kansu barci tun da aka ba da hutu

Assalamu alaikum iyaye mata, shawara nake nema. Ina nan Birni, Damagaram, da yara uku, babban shekararsa 10. Tun da aka rufe lakwal a watan Yuli, da sun taso daga makarantar allo sai su sulale wajen tabki, ga damina ruwa ya cika. Jiya ƙaramin ya dawo jiƙe sharkaf, gabana ya faɗi.

Na kulle ƙofa na ba su waya, sai rigima da kuka. Barcin rana kuwa sun ƙi sam, dare ma sai sha ɗaya ta wuce.

Hutun nan sai Oktoba. Don Allah me kuke sa naku yi a cikin gida, wanda ba ya cin kuɗi?