Sa ido ko bin bahasi? Neman kalma ga aikin majalisa a cinikin jiragen yaƙi

Mai fassarar labarai, Garwa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata kalma ce ta hana ni sakat tun makon jiya. Ina haɗa shiri da Hausa a kan yadda ƙasashen yankin Tafkin Cadi ke sayen makamai, sai na iso kan jiragen nan masu saukar ungulu guda 12, ƙirar AH-1Z, da Najeriya ta nema daga Amurka. A watan Yulin 2021 labari ya fito cewa manyan sanatoci biyu na kwamitin hulɗa da ƙasashen waje, Bob Menendez da Jim Risch, sun hana cinikin motsi saboda ƙorafin take haƙƙin jama'a. Sai a watan Afrilun 2022 aka sanar cewa hanya ta buɗe, a kan kuɗi dala miliyan 997. Wannan aiki da sanatocin suka yi, da Ingilishi oversight ake ce masa, da Faransancinmu na nan Kamaru kuma contrôle parlementaire. Ni dai "sa ido" na rubuta, kamar yadda muka saba ji a gidajen rediyon waje.

Da na karanta wa wani dattijo maƙwabcinmu a teburin mai shayi, sai ya ajiye kofinsa ya ce, "To su kuma ina ruwansu? Ashe can ma akwai 'yan sa ido." Ba wasa yake yi ba. Abin da kunnensa ya ba shi ke nan: wasu ne zaune a gefe suna leƙen abin da babu ruwansu a ciki, alhali kuwa doka ce ta ɗora musu aikin. Tun ranar hannuna ya ƙi sake rubuta kalmar. Me zan ce a madadinta?

Baffa, tsohon malamin makaranta, Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Dattijon nan ya yi maka gyara mai tsada. Ko an cire wannan mugun warin na gulma, mai sa ido kallo ne nasa. Masu sa ido a zaɓe suna zuwa, su zagaya rumfuna, su rubuta rahoto, su hau jirgi su koma. Ba su isa su tsayar da akwati ko ɗaya ba. Su kuwa waɗannan mutum biyu sun tsayar da cinikin miliyoyin daloli wata da watanni. Wannan ya wuce kallo.

Kada kuma ka kuskura ka ce kwantarol don ka ji shi a Faransanci. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Garwa ya biyo ta Figil zuwa nan ya san kwantarol: ganga a tsakiyar titi, direba ya rage gudu ya kashe rediyo, kowa ya fara laluben aljihu yana neman katin shaida. Hoton da zai zo wa mai sauraronka ke nan.

Ni abin da na gani shi ne "riƙon linzami". Ka tsaya ƙofar Lamiɗo ranar hawan Salla ka ga yadda mahayi ke zuwa a sukwane, ƙura na tashi, har ka ce zai bi ta kan jama'a, sai ya ja linzami doki ya turje a gaban sarki. Gwamnati doki ce mai ƙarfi, dole a samu hannun da ke riƙe da ita.

Mai fassarar labarai, Garwa:

Allah ya ƙara girma, Baffa. Hoton ya yi kyau, har na rubuta shi a takarda. Sai dai a wannan labarin zai sarƙe mini harshe, domin linzami ya riga ya kama wani aiki a maganar yaƙi: makami mai linzami. Cikin cinikin nan kansa akwai na'urori 2,000 da ake ɗaura wa roka don ta nufi inda aka saita ta. In na ce sanatoci sun riƙe linzamin jirage masu makamai masu linzami, mai sauraro zai ɓata a hanya. Sannan mai riƙe da linzami shi ke zaɓar inda doki zai nufa, majalisa kuwa ba ita ke zaɓar wa za a sayar wa ba.

Adda, mai aikin lauya, Ngaundare:

Ƙanena, kafin a raɗa wa yaro suna a fara ganin fuskarsa. Bari in faɗi yadda abin yake tafiya a can, don sau da yawa ina jin ana cewa "majalisar Amurka ta amince da sayar da jirage", kuma ba haka dokar take ba.

Dokar fitar da makamai ta 1976 ta wajabta wa shugaban ƙasa ya sanar da majalisa kafin ya sayar da manyan kayan yaƙi da kuɗinsu ya kai dala miliyan 14. Daga ranar sanarwa majalisa na da kwana 30, in ƙasa ce irin namu. In kuwa ƙasar ƙungiyar NATO ce, ko Japan, ko Isra'ila da ire-irensu, kwana 15 ne. In wa'adi ya cika ba ta ce uffan ba, ciniki ya wuce. Ba a jiran ta kaɗa ƙuri'ar yarda. Kamar dai abin da muka karanta a babin aure ne game da budurwa, cewa shirunta shi ne yardarta.

In tana so ta hana, sai zaurukanta biyu, na wakilai da na dattawa, su zartar da ƙudurin ƙin yarda, shugaba kuma yana da ikon ya hau kujerar na-ƙi, sai an tara kashi biyu bisa uku kafin a rinjaye shi. A watan Yulin 2019 an gwada haka a kan makaman Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Trump ya ƙi sa hannu a ƙudurori uku, majalisar dattawa ta kasa tara adadin. Ta wannan ƙofa majalisa ba ta taɓa rushe ciniki ko ɗaya ba.

Ƙarfin gaske yana wata ƙofar, wadda al'ada ce ta gina ta, ba doka ba. Tun kafin sanarwar hukuma, ma'aikatar harkokin waje kan kai takardun gaban mutum huɗu: shugaban kwamitin harkokin waje da babban ɗan adawa a cikinsa, a kowane zaure. Ko ɗaya daga cikinsu ya ce yana da tambayoyin da ba a amsa masa ba, yawanci takarda ta kwanta ke nan har sai ya gamsu. Abin da ya samu jiragen Najeriya ke nan. Wannan matakin, wanda suke kira hold, ba ya buƙatar sabuwar kalma: sun jingine cinikin. Abin da aka jingine yana nan, ba a fasa ba, ba a kuma tafi da shi ba.

Saboda haka kalmar da kake nema dole ta ɗauki abu biyu: haƙƙin yin tambaya, da wajibcin ba da amsa.

Alhaji, ɗan kasuwa, Njamena:

Barkanku da ƙoƙari. Mu nan da yake Larabci harshen hukuma ne tare da Faransanci, a labarai raƙaba ake cewa, wasu su ce muraƙaba. Hausa ta ari kalmomin mulki da yawa daga Larabci, majalisa ɗin ma daga can ta zo. Me zai hana mu ƙara wannan?

Baffa, tsohon malamin makaranta, Marwa:

Alhaji, muraƙaba a kunnenmu ta zawiyya ce, bawa yana kiyaye zuciyarsa don ya san Allah na ganinsa. A bar ta can, ta fi daraja a wurin.

Direban babbar mota, Kusiri:

Ku yi mini afuwa malamai, ni ba mai ilimin fassara ba ne, amma maganar nan ta taɓa ni. Rann, wani gari a jihar Borno ta Najeriya, ba ta da nisa da iyakarmu. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin sojan Najeriya ya saki bam a sansanin 'yan gudun hijira a garin, bisa kuskure kamar yadda suka ce, mutane masu yawa suka mutu har da ma'aikatan Red Cross. Bayan shekara biyu, da Boko Haram ta afka wa garin, dubban mutanensa suka tsallako Gura a ɓangarenmu. Na ga wasunsu a hanya, mace da tabarma a ka da yaro a baya, ba ta da komai sai wannan. Duk wanda ya zauna a yankin nan ya san yadda hira ke yankewa in an ji ƙarar jirgi, kowa ya ɗaga kai. Muna son a kori masu kashe mu, wannan babu ja. Amma jirgin da aka sayo don ya kare ka, in babu mai tambayar inda ya yi harbi, kai ma ba ka tsira ba.

A gidanmu in mahaifina ya aiki yayana kasuwa da kuɗin buhun gero, da ya dawo sai a shimfiɗa buzu bayan magariba, a kira shi. Nawa ka saya? Wurin wa? Ina canji? Mahaifiyata takan ce, "Malam na bin ba'asi." Maƙwabci bai isa ya yi wannan ba, sai mai haƙƙi a kan kuɗin. Wanda ake tambaya kuma bai isa ya tashi bai amsa ba. In ya kasa bayani, gobe ba shi za a aika ba. Shin ba wannan Adda take nufi ba?

Adda, mai aikin lauya, Ngaundare:

Shi ne kuwa, Malam direba, Allah ya saka da alheri. Ka kawo abin da muke ta kewayawa. Na auna shi da 'yan'uwansa. Bin diddigi na mai bin sawu ne, ɗan jarida ko ɗan sanda, kuma ana iya yin sa a ɓoye. Bin kadi sai bayan ɓarna ta auku. Titsiye yana da zafi, ya dace da ranar da aka kira minista gaban kwamiti, amma bai rufe aikin duka ba. Bin ba'asi kuwa ana yin sa gaba da gaba, kafin aike da bayan aike, kuma da jin kalmar ka san mai yi yana da hurumi.

Ga gwaji a kan dokarmu. Sashe na 14 na tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ba majalisa aiki biyu. Da Hausa sai mu ce: majalisa tana yin doka, tana kuma bin ba'asin ayyukan gwamnati. Ya zauna daram. Sashe na 35 ya faɗi hanyoyin, wato tambaya da baki, tambaya a rubuce, da kwamitin bincike. Sai ya ƙara cewa gwamnati za ta ba da bayani, amma ban da abin da ya shafi larurar tsaron ƙasa. Wannan togaciyar ita ke damuna, domin cinikin jirgin yaƙi a cikinta yake faɗawa kai tsaye. Ga 'yan majalisa 180 da sanatoci 100, amma a kan kayan soja ƙofar tambaya a tsuke take.

Alhaji, ɗan kasuwa, Njamena:

Na janye tawa. Kuma kun tuna mini cewa mai saye ma yana da majalisa. A 2018 Buhari ya fitar da dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai ya biya jiragen Super Tucano 12, sannan daga baya ya rubuta wa majalisa yana neman yardarta, har wasu sanatoci suka ta da maganar tsige shi. Waɗannan ba masu saukar ungulu ba ne, amma maganar ɗaya ce. Da "sa ido" za a ba da wannan labari, sai a ji kamar hassada suke yi masa. Da bin ba'asi kowane ɗan kasuwa zai gane: yaron shago ya taɓa jari bai faɗa ba.

Baffa, tsohon malamin makaranta, Marwa:

Na yarda, amma da gyara. Kada ka ce "bin ba'asin majalisa", don za a ji kamar majalisar ake tuhuma. Ka ce "hurumin majalisa na bin ba'asi". Sannan kada a kori sa ido gaba ɗaya. Bayan an miƙa kaya, jami'an Amurka kan zo su duba ko suna inda aka ce, su ƙirga, su rubuta. Wannan kam sa ido ne, ko bibiya.

Mai fassarar labarai, Garwa:

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na koma kan sanarwar Afrilun 2022, na ga an ware dala miliyan 25 daga kuɗin cinikin don horar da sojojin Najeriya a kan tantance abin da za a hara daidai da dokokin yaƙi. Malam direba, wannan layin saboda kai zan karanta shi a hankali. Zan kuma tuna wa masu sauraro cewa ko sojojin Amurka kimanin 300 da suka sauka nan Garwa, sai da Obama ya rubuta wa majalisarsu a watan Oktoban 2015 ya sanar da ita, don mutane su ga abin ba na nesa ba ne.

Ga yadda jimlar ta koma: "A 2021 wasu sanatocin Amurka sun yi amfani da huruminsu na bin bahasi, suka jingine cinikin jirage masu saukar ungulu 12 da Najeriya ta nema, har zuwa Afrilun 2022." Ɗazu na karanta wa dattijon nan. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, me suka tambaya, me aka ce musu?"

Adda, mai aikin lauya, Ngaundare:

Na ga ka rubuta bahasi, mu kuma ba'asi muke ta cewa. Wanne za mu tsayar?

Mai fassarar labarai, Garwa:

Duka biyun ana faɗa, Adda, kuma tushensu ɗaya ne a Larabci. A rubutu kowa ya bi bakin garinsu. A rediyo dai bahasi zan ce, saboda in iska na kaɗa tasha a ƙauyukan da ke nesa, wannan 'yar tsayawar maƙogwaro ta ba'asi ɓacewa take yi, sai a ji kamar bashi nake cewa.