Kulocin Samurai ya fara zamewa, wane saiti zan saya?

Mai Samurai, Gashuwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Suzuki Samurai mai injin 1.3, ita nake shiga da ita Yusufari duk ranar kasuwa. Kwana biyun nan in na taka totur a giya ta huɗu sai inji ya yi ta ihu, motar kuma ba ta ƙara gudu. Jiya a cikin rairayi har wani ƙauri na ji kamar an ƙona birki. Wane kuloci za ku ba ni shawara in saya? Faifan kaɗai ya isa?

Bakanike, Kano: Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka sayi komai tukuna. Kulocin Samurai da waya yake aiki, ba da mai ba. In an ɗaure wayar da yawa, sabon faifai ma zamewa zai yi. Taɓa fedar da hannu, ya kamata ta yi lilo kamar faɗin yatsa kafin ta yi nauyi. Sannan ka ja birkin hannu, ka sa giya ta huɗu, ka saki kuloci a hankali. In inji ya mutu nan take, da sauran rai. In ya ci gaba da aiki, faifai ya cinye.

Mai Samurai, Gashuwa: Na gwada yanzu. Lilo akwai, inji bai mutu ba.

Bakanike, Kano: To sai an sauke giyabos. Kuma don Allah a canja saitin gaba ɗaya: faifai, murfin da ke matse shi, rilis (boris ɗin da ke danna murfin in an taka feda), da ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Wahalar aikin tana wajen saukewa ne, a kwance furofela, a cire kik, a zare sandar giya. Wanda ya sa faifai kaɗai a kan murfin da sifirin ɗinsa ya gaji, bayan wata kaɗan zai sake biyan kuɗin aiki. Ni Exedy ko Aisin nake sa wa motocin Japan. Valeo ma ba laifi.

Ɗan kasuwa, Kaduna: A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna ba za a rasa ba. Amma ka tafi da tsohon a hannu, a ɗora su fuska da fuska, a ƙirga haƙoran tsakiya. Na Maruti Gypsy da ke zuwa daga Indiya dangi ɗaya ne da motarka, duk da haka a gwada. Jabu ya yi yawa, kwali kyakkyawa ba ya nuna komai. Juya faifan a hannu, ka duba ƙusoshin da sifirin ɗin tsakiya, in suna kaɗawa ka ajiye shi.

Ƙaramin direba: Yallaɓai na Beljiyam fa? Ya fi sauƙin kuɗi.

Ɗan kasuwa, Kaduna: Fulawil ko giyabos na Beljiyam na yarda. Faifai abu ne mai cinyewa, ba ka san saura nawa a jikinsa ba.

Baba direba, Maine Soroa: Yaro, ni tambayata daban ce. In ka shiga rairayi, a wace giya kake? Mafi yawan kulocin da ke ƙonewa a yankinmu ƙafa ce ke kashe shi. Mota ta fara nutsewa, sai mutum ya riƙe kuloci rabi yana ba ta wuta. Ka tsaya tun kafin tudun, ka kulle tayoyin gaba don su ma su ja, ka sa ogzileri, wato ƙaramar sandar giya ta biyu, a 4L, ƙaramar giya mai jan taya huɗu. Ƙaramar giyar Samurai tana ninka ƙarfi fiye da sau biyu. Ka rage iskar taya, ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya daga kan feda. Da damina kuma kar ka canja giya a tsakiyar ruwa, taɓo na shiga tsakanin faifai da fulawil. In ka hau kwalta ka mayar 2H, wato jan taya biyu.

Mai Samurai, Gashuwa: Baba wallahi ka faɗi gaskiya, haka nake yi, musamman in na ɗauko buhunan gero.

Bakanike, Kano: Ga abin da za ka tsaya a kai ranar aiki. A duba bayan fulawil, in akwai danshin baƙin mai a canja oyil sil, robar da ke tare man inji, don mai kaɗan ya isa ya lalata sabon faifai. In fuskar fulawil ta yi shuɗi-shuɗi ko tsagi, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su share ta. A daidaita faifan da tsohon shaf kafin a ɗaure murfi, a ɗaure notinan a gicciye, kaɗan-kaɗan. Giris ɗan mitsitsi a haƙoran shaf. Kar a bar giyabos ta rataya a kan faifan, kar kuma a jawo ta da noti in ta ƙi zama, lanƙwasa shi za a yi. Ƙurar ciki a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kar yara su hura ta da iska su shaƙa.

Mai Samurai, Gashuwa: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. An sauke yau da safe. Faifan ya cinye har ƙusoshi sun fara gogar fulawil, sil ɗin ma yana tsatsafo. Ƙanina zai tafi Kano gobe da tsofaffin a buhu. Oga, wayar kulocin ita ma in haɗa da sabuwa?

Bakanike, Kano: Haɗa. Tsohuwar ka ajiye ta ƙarƙashin kujera saboda hanya. Kuma makon farko ban da lodin gero.