Wace kalma za mu ba "argument" na layin umarni?

Jama'a masu rubuta manhaja, ina neman shawararku. A ajinmu na Asabar a Kubwa mun kai darasin da za a koya wa Gradle, manhajar da ke harhaɗa wasu manhajoji, karɓar ƙarin bayani daga layin umarni, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, sai kalmar "argument" ta gagare mu. Ƙamus gardama ko jayayya yake cewa, kuma ba abin da ya haɗa wannan da jayayya.

Ga abin da ake nufi. Ka rubuta aikinka na tura manhaja a Gradle, ka sa masa @Option, alamar da ke ba shi damar karɓar ƙarin bayani, sai ka kira shi haka:

gradle tura --wuri=gwaji

Wannan --wuri=gwaji shi muke nema wa suna. Dole ya biyo bayan sunan aikin, domin na wannan aikin ne kaɗai, saɓanin -P da ke sa bayanin a hannun dukan shirin. Abin tsoho ne: make, wani mai harhaɗa manhajoji wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976, yana karɓar irinsa, kamar make CC=gcc.

Wata ɗaliba ta ce "hujja". Wannan ɗaya ma'anar ce ta Turancin, ba tamu ba. An ce "sharaɗi", amma shi mun riga mun ba if, wato "idan" na rubutun manhaja, kada yaro ya rikice. "Saƙo" kuwa ya yi faɗi, har abin da kwamfuta ke fitarwa in ta ci karo da kuskure saƙo muke ce masa.

Ni "guzuri" na zaɓa. Umarni aike ne, kuma wanda za a aika tun kafin ya tashi ake ba shi guzurinsa, ba a bin sa da shi a hanya. Haka yake a yaren manhaja na C: kafin main, aikin da manhaja ke farawa da shi, ya yi komai, argc da argv na hannunsa, ɗaya yawan guzurin, ɗaya guzurin kansa. Da na ce wa yara "ku duba guzurin da aka ba tura", ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Wani malaminmu a Jos, wanda ya daɗe yana koyar da Hausa, ya ce guzuri cinye shi ake yi. Allah ya gafarta Malam, ai hakan ne ma ya ƙara min ƙarfin gwiwa: da aikin ya ƙare shi ke nan, gobe in za ka sake kira sai ka ba da sabo. Abin da ake so ya dawwama a fayil ɗin gradle.properties ake rubuta shi, wannan kuwa ajiya ce.

Sai "parameter", wanda mutane ke yawan gauraya shi da "argument". Shi ne wurin da ka tanada a cikin aikin, don haka "gurbi". A misalinmu na sama, --wuri shi ne gurbin, gwaji shi ne abin da aka zuba.

Irin --offline da ba ya ɗaukar komai, ko dai an sa shi ko ba a sa ba, na fi son "makunni" a kan "tuta", fassarar "flag" na Turanci.

Saura ɗaya da ban samo ba: karan nan biyu da ke tsayawa su kaɗai a npm run build -- --watch, masu nuna cewa abin da ya biyo baya na wani umarnin ne. "Iyaka" nake tunani. Me kuka gani?