Taƙaitawar Tattaunawa kan Hawan Jini da Jijjigar Masu Juna Biyu

1. An yi ittifaƙi cewa idan awon jinin mai ciki ya kai 140/90 bayan mako 20, wajibi ne a gwada fitsarinta don neman furotin, domin cutar hawan jinin masu ciki kan taɓa ƙoda tun kafin matar ta ji wani ciwo.

2. Matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani ko ganin walƙiya alamu ne cewa ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa, kuma idan sun bayyana ba a jiran wayewar gari kafin a nemi likita.

3. Babu wanda ya yi jayayya kan allurar magnisiyam salfet, wadda ake yi don hana jijjiga. Da yawa sun kafa hujja da binciken Magpie na 2002, wanda ya haɗa mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya kuma nuna cewa allurar ta rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi.

4. Inda aka rabu shi ne adadin asfirin da ake bai wa mai ciki don rigakafin cutar. Wasu sun tsaya kan miligiram 75, wasu kuma sun fifita 150 bisa binciken ASPRE na 2017. A ganina hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi, sai dai likita ne zai yanke.

5. A ci gaba da awon jini bayan haihuwa.