Taƙaitawa: tsara rundunar jiragen ruwa a kogin da ke cikin kurmi

'Yan'uwa na Damagaram, ga abin da aka tattauna. Mu nan tudu muka sani, amma hankalin kowa yana kan kogin Komadugu da tafkin Cadi.

1. An yi ittifaƙi cewa jirgi ba ya fita shi kaɗai. Biyu-biyu ake tura su, da tazara tsakani, don in ɗaya ya kafe a yashi ɗayan ya jawo shi. Haka sojan ruwan Amurka suka yi a kogin Mekong, a ƙasar Vietnam, daga 1966, da ƙananan jiragen sintiri da ake kira PBR, masu mutum 4.

2. Kowa da aikinsa: shugaban jirgi, matuƙi, makanike, mai lura da gaba. Amma kowa ya iya tuƙi.

3. Inji, nan aka rabu. Wasu sun ce injin da ke tura ruwa ya fi, tunda ba shi da farfela a ƙasa, yana ratsa ruwa marar zurfi. Wasu suka ce kainuwa da kacala suna toshe masa baki, gara injin rataye, wanda ake maƙalawa a bayan jirgi, da kowane makanike ya sani. A ganina na biyun sun fi hujja a yankinmu.

4. Mai: kashi ɗaya tafiya, ɗaya dawowa, ɗaya ajiya. A tace shi, ruwa a mai yana kashe inji.

5. Kurmi yana cinye siginar oba-oba, sai a kafa tashar tsakiya mai karɓar saƙo ta miƙa shi gaba, a kan tudu.

6. Rigar hana nutsewa dole. Sauro da tsargiya ma suna kwantar da soja.

An bar batun masunta masu nuna hanya ba a daidaita ba.